Wai radiyeshin kaɗan magani ne? Malam Edita a ba ni fili in ce wani abu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya jama'a, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka. Ina roƙon ɗan fili ne kan wata magana da ta daɗe tana cin raina, domin ni sana'ata ɗaukar hoton asibiti ce, eksire da sauransu, kuma yanzu mutane iri biyu nake fama da su. Akwai masu gudun hoto kamar mala'ikan mutuwa ne a cikin na'urar, wai yana shan jini yana rage kwana, sai kuma wasu sababbi da suka ɓullo, yawanci 'yan boko ne da suka kalli bidiyo biyu a YouTube, su kuma cewa suke ai turawa sun gano radiyeshin ɗan kaɗan ba ya cutarwa, ƙara lafiya ma yake yi, duk dokokin da aka kafa tsoro ne kawai na banza. Na farkon muna lallaɓa su mu shawo kansu. Na biyun ne suka fi ba ni tsoro wallahi, saboda maganarsu akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, kuma irin wannan ita ta fi saurin shiga kunne.

Tukuna dai a gane wanne ake magana a kai. Ba na wayar salula ba ne, ba na turken sabis ba ne, ba na obin ɗin ɗumama abinci ba ne, waɗannan ba su da ƙarfin tsinka ƙwayoyin halittar jiki. Wanda ake gardama a kansa shi ne mai ratsa jiki ya taɓa ƙwayar halitta, irin na eksire da na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, da wanda ke fita daga ma'adanan yuraniyom da toriyom da iskar radon mai fitowa daga ƙasa. Ana auna abin da jiki ya sha da milisibat. Kowannenmu ko bai taɓa shiga asibiti ba yana shan kimanin 2.4 a shekara a matsakaicin lissafin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2008, daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, haka Allah ya yi duniyar. Hoton ƙirji ɗaya wajen 0.1 ne ko ƙasa da haka, wato kwatankwacin abin da za ka sha a mako biyu kana zaune a ƙofar gidanka. CT na ciki kuma yana kai 8 zuwa 10. Mu ma'aikata ƙa'idar duniya ta ce kar mu wuce 20 a shekara in an raba a kan shekara biyar, sauran jama'a kuma 1 a kan wanda suke sha na halitta, ban da na asibiti.

Toh babu mai musu a kan mai yawa. An gani a Hiroshima da Nagasaki, biranen Japan da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a 1945, an gani a Chanobil ta Yukren da tashar nukiliya ta fashe a 1986 inda yara sama da 6,000 suka kamu da kansar tayirod da ke gaban wuya, akasari ta hanyar madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa. Tun 1950 ake bin mutum kimanin 120,000 a Japan, yawancinsu waɗanda suka tsira daga bam ɗin, ana rubuta wane ya kamu da me, wane ya mutu da me, kuma abin da ya fito fili shi ne daga wajen milisibat 100 zuwa sama kansa tana ƙaruwa daidai gwargwadon abin da mutum ya sha. Rigimar duk tana ƙasa da 100 ɗin nan ne. Hukumomi sai suka ɗauki layin da aka samu a sama suka miƙe shi ɗoɗar har ƙasa zuwa sifili, ma'ana rabin kashi rabin haɗari, ɗan mitsitsi ma yana da nasa mitsitsin haɗarin, babu wani mataki da za a ce daga nan an tsira gaba ɗaya. Shi ake kira LNT. Tushensa ya koma ga Hermann Muller wanda a 1927 ya haska wa ƙananan ƙudaje eksire ya ga 'ya'yansu suna fitowa da sauyin halitta, har aka ba shi kyautar Nobel a 1946.

Me ya sa ba a auna ƙasan ba kai tsaye a huta? Nan ne gizo ke saƙa. A lissafin kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Amurka da aka buga a 2006, in mutum 100 suka sha milisibat 100 kowannensu, mutum 1 ne ake sa ran zai kamu da kansa ta dalilin haka, alhali wajen 42 daga cikinsu dama za su kamu ta wasu dalilan daban a tsawon rayuwarsu, lissafin Amurkawa kenan. Ka sauko zuwa 10, ya zama 1 cikin 1,000. Ka sauko kan hoton ƙirji, 1 cikin 100,000. Kuma kansar da radiyeshin ya kawo ba ta da wani tambari a goshi, iri ɗaya ce da ta mai shan taba da ta wanda ya gada. Neman wannan ɗayan a cikin dubbai kamar ka tsaya tsakiyar kasuwar Kwari ana jajibirin sallah ka ce sai ka ji raɗar da wani ke yi a layi na gaba. Rashin jinka bai nuna ba a yi raɗar ba, bai kuma nuna an yi ba, kuma a wannan wurin da kunne ba ya kaiwa ne kowa ya samu damar faɗar abin da ransa ke so.

Masu cewa yana da amfani ba mahaukata ba ne, a yi musu adalci. Akwai masana na gaske a ciki, irin su T. D. Luckey da ya taso da maganar sosai a 1980, da Edward Calabrese na jami'ar Massachusetts da har yau yake sukar yadda aka kafa LNT tun asali. Abin da suke cewa shi ne jiki ba dutse ba ne, kullum yana gyaran ɓarnar da ake wa ƙwayoyin halittarsa, yana kashe waɗanda suka lalace, to ɗan bugu kaɗan yana farkar da masu gyaran ne su yi aikin da ya wuce ɓarnar. Sunan abin homisis. Kuma a ɗakin gwaji an ga wani abu mai kama da haka, tun 1984 aka nuna cewa ƙwayoyin jinin da aka fara ba su kaɗan sun fi jure mai yawa in ya zo daga baya. A 2005 ma cibiyoyin kimiyya da na likitanci na Faransa sun fitar da rahoto suna cewa LNT yana zuzuta haɗarin ƙananan kashi, a daidai lokacin da takwarorinsu na Amurka ke cewa a'a a ci gaba da shi. Manya da manya ne suka saɓa, ba ni da kai ba.

Sai su kawo maka Ramsar a Iran, garin da maɓuɓɓugan ruwan zafi ke fito da radiyom har a wasu gidajen ana iya shan 260 a shekara, sama da ninki goma na abin da aka yarje mini ni ma'aikaci, ga mutane suna haihuwa suna tsufa. Gaskiya ne. Amma mutanen da ke zaune a unguwannin masu zafin ba su da yawan da za a iya gane ƙari ko ragi a cikinsu. Kerala a Indiya ta fi ƙarfi a matsayin hujja, can yashin bakin teku ne ke da toriyom, an bi kusan mutum 70,000 aka buga sakamako a 2009 ba a ga ƙarin kansa ba. Na yarda. Sai dai a lura da kyau, ba a ga ƙari ba aka ce, ba a ce an ga sun fi sauran mutane lafiya ba, kuma tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiya mai nisa da 'yan YouTube ke tsallakewa da tsalle ɗaya.

Wanda suka fi so su kafa hujja da shi shi ne na Taiwan, kuma shi ne ya fi dacewa mai karatu ya tsaya a kansa don ya ga yadda lissafi ke yaudara. A farkon shekarun 1980 an narkar da wani ƙarfe mai kobalt-60, sinadari mai fitar da radiyeshin, cikin tarkacen da aka yi rodi da shi, aka gina gidaje da makarantu da rodin ba wanda ya sani, sai a 1992 aka gano, lokacin mutum wajen 10,000 sun zauna ko sun yi karatu a ciki. A 2004 wasu suka buga takarda cewa mutanen nan mutuwarsu da kansa ta yi ƙasa ƙwarai da ta sauran 'yan ƙasar, ƙasa ta ban mamaki, har ana cewa to ga rigakafin kansa an samu. Ashe ina, yawancin mazauna gine-ginen matasa ne da yara 'yan makaranta, aka ɗauko su aka gwada da ɗaukacin al'ummar ƙasa har da tsofaffi masu shekara saba'in da tamanin, kuma kowa ya san kansa ta fi bin tsufa. Da wasu masu bincike suka sake aikin a 2006 da 2008 suna gwada tsara da tsara, suna duba nawa kowa ya sha, sai labari ya juye, aka ga alamar ƙarin kansar jini da ta nono a wajen waɗanda suka fi sha. Amma har gobe takardar 2004 ita ke yawo a waya, ta bayan ba mai tura ta.

Haka na radon. Wani masani Bernard Cohen a shekarun 1990 ya duba gundumomin Amurka ya ga inda radon ya fi yawa kansar huhu ta fi ƙaranci. Matsalar ita ce gunduma ya auna ba mutum ba, kuma taba sigari ta shiga ta dagula lissafin tunda ita ce uwa uba wajen kansar huhu. Da aka haɗa bincike 13 na Turai a 2005, ana shiga gidan mutum a auna a kuma tambaye shi tarihin shan tabarsa, sai aka ga haɗarin yana hawa ne tare da radon ɗin. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon a matsayi na biyu bayan taba. Akwai kuma wadda ake yawan jefo mana mu ma'aikata, wai ma'aikatan nukiliya sun fi sauran jama'a tsawon rai. To dama wa ake ɗauka aiki in ba mai lafiya ba, ga albashi ga likita yana duba shi duk shekara? In kana son gaskiya sai ka gwada ma'aikaci da ma'aikaci ɗan uwansa. An yi hakan, binciken INWORKS ya bi sama da mutum 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka, waɗanda duk sun rataya bajin awo shekara da shekaru, sakamakon 2015 da na 2023 duk sun nuna mutuwa da kansa tana ɗan ƙaruwa yadda abin da mutum ya tara ke ƙaruwa, har a ƙananan matakai. A Birtaniya ma binciken 2012 kan yaran da aka yi wa CT ya ga ƙarin, wajen kansar ƙwaƙwalwa ɗaya da kansar jini ɗaya a duk hoton kai 10,000. Tun 1956 ma likita Alice Stewart ta nuna alaƙar yi wa mai ciki eksire da kansar yara, aka yi ta musa mata shekaru kafin a sallama, kuma albarkacinta ne yau kafin in danna maɓalli nake tambayar mace, Hajiya ko akwai juna biyu, yaushe rabonki da al'ada, ko da mijin na tsaye yana harara ta.

Don haka ni inda na tsaya, duk lokacin da aka yi bincike mai girma a kan mutane, aka gwada su da sa'anninsu, abin da ke fitowa ɗan ƙaramin haɗari ne ko kuma ba a ga komai ba. Amfani kam a jikin ɗan Adam ba wanda ya kawo hujjar da ta tsaya da ƙafarta.

Inda nake ba su gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne batun tsoro. A Fukushima ta Japan, da tashar nukiliya ta yi hatsari a 2011, an kwashe mutane sama da 100,000, har da tsofaffi daga gadon asibiti da gidajen kula da su, aka yi ta yawo da su a bas cikin sanyi, daga baya hukumomin Japan suka lissafa sama da mutum 2,000 a lardin da wahalar gudun hijirar ta yi ajalinsu, alhali kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ba ya sa ran ganin wata illa a fili ga lafiyar mazauna yankin daga radiyeshin ɗin kansa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin kariya ta duniya ma da bakinta ta ce kar a ɗauki ɗan mitsitsin kashi a ninka da miliyoyin mutane a ce ga adadin gawarwaki, ba don haka aka yi LNT ba, an yi shi ne don tsara kariya. Irin wannan tsoron nake gani da idona. Dattijo ya zo yana tari wata da watanni, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, likita ya rubuta hoton ƙirji, ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya kalli jar fitilar da ke sama ya kalli rigar dalmar da ke rataye ya ce ɗana in abin nan ba ya cutarwa me ya sa kai kake ɓuya bayan bango? Tambaya ce mai kyau kuwa. Nakan ce Baba kai sau ɗaya za a yi maka, ni kuma tun safe nake yi har yamma, gobe ma haka, nawa taruwa yake. Wani ya yarda ya jingina ƙirji, ja numfashi, riƙe, kar ka motsa, shikenan an gama kafin ya ƙifta ido. Wani kuma ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce zai dawo, ya tafi da tarin fukansa gida wurin jikoki, saboda gudun haɗarin 1 cikin 100,000.

Abin da ya ƙara wa maganar wuta shi ne a watan Mayun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan umarni cewa hukumar kula da nukiliyarsu ta sake duba dogaron da take yi da LNT, hukumar da a 2021 ta yi watsi da ƙorafe-ƙorafen da ke neman a jingine shi. Sai ka ji ana cewa ai Amurka ma ta ce ba ya cutarwa. Ba haka aka ce ba. Umarni ne na siyasa da tattalin arziki, suna son gina tashoshin lantarki na nukiliya cikin sauri da araha, kuma tsananin kariya kuɗi yake ci. Suna da 'yancin auna ribarsu da asararsu, amma sa hannun shugaban ƙasa ba sakamakon bincike ba ne. Kuma ni duk wanda zai ce mini abu kaza ba ya cutarwa nakan so in san wa zai rage kashe kuɗi in na yarda.

An taɓa shan wannan ruwan fa. A shekarun 1920 radiyom shi ne maganin ƙarfi na masu kuɗi a Amurka, ana sayar da wani ruwa Radithor a 'yar kwalba, wani attajiri Eben Byers ya sha kwalba sama da 1,000 yana yabawa yana raba wa abokai, ya mutu a 1932 bayan muƙamuƙinsa ya zagwanye. Za a ce ai shi ya sha da yawa. Eh, amma da wace magana aka sayar masa? Da cewa kaɗan yana ƙara kuzari. Yau ma ga sarƙoƙi da awarwaro da ake tallatawa wai suna ba da kuzari suna kare mutum daga 5G, a Disambar 2021 hukumar kula da nukiliya ta Holan ta auna irin waɗannan kaya guda goma ta samu su kansu suna fitar da radiyeshin, ta hana sayar da su ta ce kar a rataya. Irin kayan nan ba sa neman biza, duk mai waya zai iya odarsu.

Babban abin da ke damuna shi ne ita wannan gardama ta manyan masana gaba ɗaya an gina ta ne a kan cewa an san nawa mutum ya sha. Kalmar kaɗan tana da ma'ana ne a inda ake awo. A Arlit ta Nijar tun 1971 ake haƙar yuraniyom, mahaƙar Cominak da aka rufe a Maris 2021 ta bar tarin shara mai radiyeshin da ake ƙiyasta shi da tan miliyan 20, kuma ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa mai auna radiyeshin da Greenpeace mai kare muhalli sun je sun auna, a 2009 suka samu wurare masu zafi a kan titunan Akokan, garin da ke kusa da Arlit, suka samu gurɓatattun ƙarafa a kasuwa inda talaka ke saye ya yi abin amfanin gida. A Filato kuma tun farkon shekarun 1900 ake haƙar kuza, yashin da aka wanke aka zubar yana ɗauke da ma'adanai masu toriyom, masana a jami'o'inmu sun sha aunawa suna cewa ya wuce na ƙasar da ke kewaye, amma mai gini in ya ga yashi mai laushi a banza tifa zai kira. Wanda ya yi filasta da shi ya kwana a ɗakin shekara talatin da 'ya'yansa, kaɗan ya sha ko da yawa? Ba wanda ya rataya masa baji. Ka je ka ce wa wannan ai kaɗan magani ne, ka ba duk mai son gudun kuɗin gyara hujja kyauta.

Mu kanmu masu hoto ba mu fita ba. Na taɓa shiga wani wurin ɗaukar hoto mai zaman kansa, shago ne aka raba da filawud, ƙofar ɗakin ba dalma a jikinta, benci na masu jira yana jingine da bangon da na'urar ke kallo, yaron da ke dannawa ba baji ba horo, in hoto bai fito ba sai ya ce a sake, a sake, uwa ce ke riƙe da jariri ba a sa mata riga ba. Ga kuma mara lafiya da zai bar ambulan ɗin hotonsa a gida ya je wani asibitin a sake masa sabo fil, kowane wuri da nasa. Najeriya tana da hukumar kula da nukiliya, NNRA, da dokar 1995 ta kafa ta kuma ta fara aiki a 2001, aikinta ne ba da lasisi da duba irin waɗannan wurare, ga cibiyar binciken makamashi ta Zariya da ke da ƙwararru da kayan awo. Roƙona ta bakin jaridarka shi ne a fito a zaga, a auna ɗakunan hoto na cikin unguwanni, a auna tarin yashin kuza a kafa allo a inda bai kamata a ɗiba ba, a faɗa wa mutane sakamakon da Hausa a rediyo. Mai karatu kuma in likita ya rubuta hoto ya je a yi masa, yana da damar tambaya ko hoton zai canza maganin da za a ba shi, ya riƙe tsofaffin hotunansa ya tafi da su duk inda za shi, mai ciki ta faɗa tun kafin a tambaye ta, yaro kuma in sikanin na ruwa ko MRI zai wadatar a tambayi likita ko za a iya yin sa a madadin CT tunda su ba su da irin wannan radiyeshin ɗin.

Na gode da filin da aka ba ni, a gaida ma'aikata.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoton asibiti, daga Jos